Apna da ohda: ina ne bambancin a Punjabi?

Ɗan Fagge a Lahore:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ina karatu a Lahore, ƙasar Pakistan. A aji da Turanci ake koyarwa, amma mai gidan da muke haya dattijo ne, Punjabi kawai yake yi da mu, shi ya sa na dage da koyo. Shekaranjiya ya tambaye ni ina abokin zamana, ɗan Sialkot ne, yana da 'yar tsohuwar mota. Na so in ce ya ɗauki motarsa ya tafi gida, sai na ce "oh ohdi gaddi lai gia". Nan take tsoho ya miƙe tsaye yana tambaya motar wa, ya leƙa waje ya ga ko ta ɗansa tana nan. Ni dai na san "ohdi" tasa ke nan. Da yaron ya dawo ya sha dariya, ya ce "apni" zan ce, amma da na nemi dalili sai ya ce haka kawai ake faɗa. Wanda ya sani ya taimaka.

Malam Mai Nahawu:

Wa alaikumus salam. Tsohon nan bai yi laifi ba, abin da ka faɗa ya ji. Hausarmu ce ta yaudare ka. In na ce "Audu ya ɗauki motarsa", ba ka san ko ta Audun ce ko ta Garba ba, sai yanayin zance ya nuna maka. Punjabi ba ta barin wannan ƙofa a buɗe. Muddin mai abin shi ne mai aikatawa a jimlar, dole a ce apna. Da zarar ka ce ohda ko ohdi, ka nuna wani mutum na daban. To ka ga kai ka shaida wa mai gida cewa yaro ya tafi da motar wani.

Kuma ba ga "shi" kaɗai dokar ta tsaya ba, nan ne ma Bahaushe ya fi tuntuɓe. Za ka ce ka tafi gidanka, bakinka zai kai ga "mere ghar", alhali abin da ya dace shi ne "main apne ghar ja riha han". Kalma ɗaya ce take zama nawa, naka, nasa, namu, gwargwadon wanda ke aikin. In aka ce maka "apna na dasso", sunanka ake tambaya.

Ƙarshenta kuwa yana bin abin da aka mallaka ne: apna bhra ga ɗan'uwa, apni bhain ga 'yar'uwa, apne ga jam'in maza, apnian ga jam'in mata. Wannan bai kamata ya ba ka wuya ba, ai mu ma muna cewa gida nasa, mota tasa. Sai dai ka kula, jinsi ba ya zuwa ɗaya kullum. Littafi namiji ne a wurinmu, kitab kuwa mace ce a wurinsu, don haka apni kitab.

Hajiya Ummi:

Ni a Jalandhar na zauna, ɓangaren Indiya, inda suke rubutu da Gurmukhi, ku kuma can Shahmukhi ne mai kama da ajami. Maganar dai ɗaya ce. Abin da zan ƙara shi ne inda muke cewa kaina, kanka, kansa. Su "apne aap nu" suke cewa: "main apne aap nu shishe vich vekhia", wato na ga kaina a madubi. In ka cire "nu" ma'ana ta koma abin da ya faru da kansa, kamar "darwaza apne aap band ho gia", ƙofa ta rufe da kanta. Juna kuma daban ne, "ik duje nu" ko "aapas vich". Kada ka haɗa su.

Ɗan Fagge a Lahore:

Na gode Malam, na gode Hajiya. Amma "aap" ɗin nan fa? Ni da shi nake girmama malamaina.

Malam Mai Nahawu:

Wannan Urdu ce kake yi musu. A Punjabi ta yau da kullum "tusi" ake ce wa babba, aap kuwa "da kai" ne: "main aap karanga", zan yi da kaina. Za ka kuma ji "khud", wadda aka aro daga Farisanci, aikinsu ɗaya a nan. Sannan "n" ɗin apna ba irin tamu ba ce, ana lanƙwasa harshe baya, kusa da yadda kake furta "r" ta rana. In ka yi ta a miƙe za a gane ka, amma za a ji Urdu a bakinka.

Direban Jidda:

Ni ban san nahawu ba, a gareji na tsinci tawa wajen Fakistanawa. Biyu na riƙe. In za ku rabu da mutum ka ce "apna khial rakho", ya kula da kansa. In kuma yaro ya dame ka da shisshigi, "apna kamm kar", wato yi aikin gabanka. Wannan ta biyun kada ka kuskura ka gwada ta a kan mai gidan naku.