Wa ya taɓa jefa ƙuri'a kan bashin gina makarantu a Amurka? Ku ba mu labari

Maman Hanan, kewayen Dalas

Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na tarar da takarda a akwatin wasiƙa daga gundumar makarantun unguwarmu, wai a watan Mayu za a yi zaɓe kan a ba su izinin cin bashi, su gina sababbin firamare biyu, su canza rufi da na'urorin sanyaya ɗaki, su ƙaro motocin ɗaukar yara. A gaban takardar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ma'aunin haraji ba zai ƙaru ba. Na juya bayanta, sai ga samfurin ƙuri'ar, an rubuta da manyan haruffa cewa wannan ƙarin harajin gida ne. To wanne zan kama?

Bara na zama 'yar ƙasa, ban taɓa yin irin wannan zaɓen ba. Ita kuwa Hanan shekara biyu ke nan ajinsu yana cikin kwantenar nan da ake ajiyewa a bayan makaranta. In ana ruwa, zuwa banɗaki ma sai da gudu. Abincin rana ƙarfe goma da rabi suke ci, don ɗakin cin abincin ba ya ɗaukarsu sai an kasa su kashi-kashi. Maigida dai ya ce shi ba zai ƙara wa kansa haraji da hannunsa ba. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana yadda ta kaya.

Baban Khalifa, kewayen Hustan

Wa alaikumus salam Maman Hanan. Duka biyun gaskiya ne, abin da ke ruɗa mutane ke nan. Na zauna a kwamitin 'yan unguwa da ya tsara irin wannan a gundumarmu, wata biyar muna zama duk daren Talata, don haka bari in ja zancen.

A Teksas harajin makaranta da ke kan gidanki kashi biyu ne. Ɗaya na gudanarwa: albashin malamai, wuta, ruwa, man mota. Ɗayan na biyan bashi ne kawai. Gunduma tana sayar da takardun lamuni ga masu zuba jari, ta karɓi kuɗi a dunƙule ta yi gini, sannan ta riƙa biya da kuɗin ruwa daga kashi na biyun nan, galibi shekara 20 zuwa 30. Ko senti ɗaya ba a biyan albashin malami daga ciki. Duk wanda ya ce miki a ba malamai kuɗin maimakon gini, bai san dokar ba.

Maganar manyan haruffa kuwa, tun 2019 doka ta wajabta a rubuta wannan jimlar a kan kowace ƙuri'ar bashin makaranta, ko ma'auni zai motsa ko ba zai motsa ba. Su kuma in sun ce ba za a ƙara ba, nufinsu tsohon bashi yana ƙarewa sabo zai hau gurbinsa, ga sababbin gidaje da kantuna suna shigowa suna ɗaukar nasu kason. Abin da ba su cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, da ba a ci sabon ba, da ma'aunin sauka zai yi. Kuma ko ma'auni ya tsaya cak, in ofishin kimanta gidaje ya ɗaga darajar gidanki, abin da za ki biya ya hau.

Ki yi lissafin da kanki. A ce gidanki dala 350,000 ne. A 2023 an ɗaga rangwamen gidan da mutum yake zaune a ciki daga 40,000 zuwa 100,000, to in muka yi misali da adadin 2023 ɗin, saura 250,000. Kowane senti ɗaya a kan dala 100 ya zama dala 25 a shekara. In ma'aunin ya ƙaru da senti 4, dala 100 ke nan. Mai bashin gida ba ya ma ganin takardar, sai dai ya ga banki ya ƙara masa abin da yake cira duk wata.

Ni da na shiga kwamitin, da niyyar hanawa na shiga, ba zan ɓoye ba. Ranar da suka zaga da mu wata tsohuwar sakandare na sauka daga kan bakana. A ɗakin karatu na ƙirga bokiti shida an jera suna tarar yoyo, an lulluɓe kantar littattafai da leda. Mai kula da ginin ya nuna mana injin sanyaya ɗaki da aka daina ƙera kayan gyaransa, sai dai su cire daga wani matacce su liƙa. Wanda ya san zafin Hustan a watan Agusta ya san wannan ba ado ba ne. Duk da haka sai da muka zabge kusan kwata na abin da ma'aikata suka kawo mana da farko. In an bar su, har da allon talabijin ƙato a filin ƙwallo.

Hajiya Babba, Bronks

Ikon Allah. Shekarata ashirin da ɗoriya a Niyok, 'ya'yana huɗu duk makarantar gwamnati suka yi, ba a taɓa tambayata ba. Mu nan birni ne ke cin bashin, akwai hukumar gina makarantu da ke yin aikin, sai dai ka wayi gari ka ga an kafa shinge ana haƙa. Ƙanwata a Marilan ma ta ce su ƙaramar hukuma ce ke riƙe da jakar, makarantu ba su da ikon sa haraji. Ku kam ku gode Allah ana neman bakinku.

Abu Zinder, Ohayo

Hajiya, neman bakin ma wahala ce. Mu nan sau biyu ana kayar da shi, sai a na uku ya wuce. Na farko ni ma a'a na jefa, don a lokacin haya nake, na ce me ya haɗa ni da harajin gida. Kuskure ne: ko ya wuce ko bai wuce ba, mai gida bai taɓa biyan haraji daga aljihunsa ba, a kan kuɗin haya yake ɗorawa. Kafin a kai na uku farashin ƙarfe da siminti da leburori ya tashi, lakwal ɗin da aka gina ta fi ta farko ƙanƙanta kuma ta fi ta tsada. Babban ɗana da aka ce dominsu za a yi, ya gama bai taka ta ba. Ƙaninsa ne ke ciki yanzu.

Mu da “mil” ake auna namu. Mil ɗaya dala 35 ne a shekara kan kowace dala 100,000 ta darajar gida, don kashi 35 cikin ɗari na darajar kawai ake sa wa haraji.

Injiniya, Kalifoniya

Ni tsawon bashin da yadda za a biya shi nake fara dubawa, kafin hoton ginin da suke sakawa a takarda. Kusa da San Diyego akwai gundumar Poway da ta ci dala miliyan 105 a 2011, a kan sharaɗin ba za ta fara biya ba sai bayan shekara 20. Kuɗin ruwa na ta hawa kan kuɗin ruwa, jimillar abin da za a biya ta kusa dala biliyan ɗaya. Jikoki aka bar wa. Surutun da aka yi ya sa a 2013 jiha ta yi dokar da ta hana biyan ya wuce ninki huɗu na abin da aka karɓa.

Nan rinjaye kawai ba ya isa. Da sai an samu kashi biyu cikin uku, a 2000 aka sauko da shi zuwa kashi 55 cikin ɗari, da sharaɗin a lissafa ayyukan tun kafin zaɓe, a kafa kwamitin 'yan gari mai sa ido, a riƙa binciken kuɗi duk shekara. Na yi shekara biyu a irin wannan kwamiti. Gaskiya haƙoransa ba su da kaifi, bayan an kashe kuɗin ake kawo mana takardu. Amma tambaya ɗaya da wata tsohuwar akanta ta nace a kai ta sa aka mayar da kuɗin da aka so a gyara ofishin manya da shi. Maman Hanan, ki tambaye su: kwamfutocin yara da ba sa wuce shekara biyar, a shekara nawa za a biya bashinsu? In suka ce talatin, akwai magana.

Ummu Aisha

Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Bashin nan da ruwa ne ƙarara. In na jefa “e”, ban sa hannu a riba ba?

Baban Khalifa

Malama Ummu Aisha, ni ba malami ba ne. Na tambayi limaminmu, ya ce a ganinsa ni ba mai bayarwa ba ne, ba mai karɓa ba, harajin kuma ko na so ko na ƙi sai na biya. Wani ɗan'uwa a masallacin bai gamsu ba, yakan tsallake wannan layin ya zaɓi 'yan hukumar makarantu kawai. Ki kai wa malamin da kika natsu da shi.

Anti Lauya

Ina roƙon kowa ya karanta wannan. In ba ka zama ɗan ƙasa ba, ko kana da girin kad (takardar izinin zama na dindindin), ko gidan naka ne, ko kai ke biyan harajin, kada ka yi rajista, kada ka jefa. Laifi ne da kan iya kai mutum ga kora daga ƙasar. Amma taron hukumar makarantu a buɗe yake, kana iya zuwa ka saurara ka yi tambaya.

Malama Rabi, kewayen Dalas

Ni malamar aji ce, kuma zan ɗan ɓata muku lissafi. Ku bincika hasashen yawan yaran da kyau. Gundumar da na fara aiki ta ɗauko masu ƙididdiga, suka ƙirga filayen da aka yanka da gidajen da ake ginawa, suka ce yara za su yi ta ƙaruwa. An yi gini. Sai gidaje suka yi tsada, matasa masu ƙananan yara suka koma can gaba, waɗanda suka rage 'ya'yansu suka girma, makarantun cata (masu cin gashin kansu da kuɗin gwamnati) suka kwashi wasu. Haihuwa ma a ƙasar nan tun bayan 2007 take ja baya. Na ga an rufe firamare ana kan biyan bashin gyaranta. Ku ce su nuna muku hasashen da aka yi musu shekara biyar baya, ku gwada da yaran da suka zo da gaske. Unguwar Maman Hanan dai da ido ake gani, kwantena ba ta ƙarya.

Sannan ba dole ki haɗiye duka ba. Wannan ma doka ce tun 2019: filin wasa mai kujeru sama da 1,000, wurin ninƙaya, zauren wasan kwaikwayo, kowanne layinsa daban a kan ƙuri'a. Ba a manta da filin garin Allen ba, na dala miliyan 60, da aka buɗe a 2012 aka rufe a 2014 saboda siminti ya tsattsage. A 2020 mutanen Dalas sun amince da kusan biliyan 3.5 na gine-gine da na'urori, suka ƙi sauran ukun na filin wasa, wurin ninƙaya da zauren wasan kwaikwayo.

Baban Khalifa

Maƙwabtanmu na cikin birnin Hustan ma a Nuwamba 2024 sun kayar da na biliyan 4.4, kusan kashi 58 suka ce a'a, alhali ba mai musun gine-ginen sun tsufa. Jiha ce ta karɓe gundumar a 2023 ta naɗa nata shugabannin, masu adawa suka riƙa cewa babu amana, babu bashi.

Maman Hanan

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je taron da suka kira a ɗakin cin abincin su Hanan, mu goma sha ɗaya ne kacal, har da ma'aikata. Na tambayi ma'aikaciyar gundumar da ke mana bayani ko ta ba ni shawara in jefa “e”, ta yi dariya ta ce doka ta hana su, bayani kawai za su yi. Tambayar Injiniya kuwa ta ce kwamfutoci a shekara biyar za a biya. Hasashen baya ta ce za ta turo mini ta imel, ina jira.

Na gine-gine da na motoci zan jefa “e”, na filin ƙwallo a'a. Maigida ya yi lissafin Baban Khalifa a bayan ambulan, ya yi shiru, bai ce komai ba tukuna. Sabuwar damuwar ita ce taswirar da suka kafe a bango: in an gina firamaren, layinmu ne iyaka, ƙanin Hanan zai iya faɗawa sabuwar, ita kuma a lokacin ta wuce gaba. Malama Rabi, in an sake shata iyaka, ana barin yaro ya ƙarasa inda ya fara, ko sai an cike takarda?