Neman kalma: manhajar lissafi mai canja darasi gwargwadon ɗalibi

Tafinta: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da hantsi zan gabatar da shiri a rediyo kan koyar da lissafi a sakandare, kuma "adaptive learning" ta tsaya min a wuya. Ina nufin irin su manhajar ALEKS, wadda ke fara gwada ɗalibi da tambayoyi kimanin 30 don ta gano abin da ya iya, sannan ta zaɓo masa darasin da ya dace da shi. A taimaka.

Ɗan Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Manhaja mai daidaituwa.

Malamar Lissafi: Bai fito da ma'anar ba, ƙanena. Mai daidaituwa abu ne da wani zai iya daidaita shi. Ita kuwa wannan ita ke daidaitawar. A ba yaro 2x + 3 = 11, ya rubuta x = 7 maimakon 4. Manhajar kirki za ta gane ya tara 3 ne a inda ya kamata ya ɗebe, sai ta koma da shi wannan matakin kaɗai. Wanda ya samu 4 kuma ta ƙara masa mai wuya. Ni na fi son manhaja mai bin sawun ɗalibi.

Dattijo: Duk kun yi tsawo. Hawainiya. Tana rikiɗa gwargwadon halin da ta samu kanta. Manhajar hawainiya, shi ke nan. Na daɗe ina kawo wannan kalma.

Tafinta: Ranka ya daɗe, tsorona mai sauraro zai tuna da tafiyar hawainiya, ya ɗauka abin ba ya sauri.

Dattijo: Sai ki yi masa bayani. Haka kowace sabuwar kalma ke farawa. Da Bature ya kira abin nuni na kwamfuta da sunan ɓera wa ya yi gardama? Mu ne kullum muke jin kunyar namu.

Malamar Lissafi: Baba, ba kunya ba ce. Hawainiya jikinta take canjawa. Manhajar nan yaro take karantawa. A 1984 masanin harkar ilimi Benjamin Bloom ya ba da rahoton cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai da malami ya zarce kusan kashi 98 cikin 100 na 'yan ajin gama-gari. Wannan malamin na mutum ɗaya ake ƙoƙarin kwaikwaya. Aji cike, wani ya rubuta min 1/2 + 1/3 = 2/5, wani ya riga ya gama shafin yana jira, ni kaɗai a gaban allo. Kalmar da ba ta ambaci ɗalibi ba ta bar zuciyar zancen.

Mai Kishin Harshe: Kafin nan, ita manhajar kanta Larabci ce. Kuma a wurin malamai tsarin darussan shekara take nufi. Me ya sa ba za mu nemo tsantsar Hausa ba?

Ɗan Kwamfuta: Allah gafarta Malam, lissafi, darasi, ɗalibi, har malam ɗin, duk daga Larabci suka zo. In muka kore su da me Yaya za ta buɗe shiri gobe?

Mai Kishin Harshe: Waɗancan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu. Wannan jiya aka ɗora mata sabon kaya.

Malamar Lissafi: A nan yana da gaskiya. In ka ce wa malami an canja manhaja, ba waya zai duba ba. A ce manhajar kwamfuta a karon farko.

Dattijo: Har yanzu ban ji wadda ta kai hawainiya daɗin faɗa ba.

Ɗan Kwamfuta: Bin sawu ma yana kama da leƙen asiri. Iyaye za su tsargu. Mai tafiya da ɗalibi fa?

Tafinta: Wannan ta zauna a bakina. Zan ce manhajar kwamfuta mai tafiya da fahimtar ɗalibi, in kawo misalin Malama na x = 7, daga nan in riƙa cewa mai tafiya da ɗalibi. Sunan tsarin kansa ne ban samu ba.

Malamar Lissafi: Koyo daidai ƙarfi?

Mai Kishin Harshe: Wannan dai Hausa ce. Manhaja kuwa ban sauka ba.

Dattijo: Ki yi shirinki, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Amma ki ambaci hawainiya ko sau ɗaya, mu ji abin da masu sauraro za su ce.