Kaset ɗin Baba: wa ya san matar nan mai waƙa tsakiyar masu busa?

Mai ɗinki, Bagalam:

Salamu alaikum jama'a. Bayan sadakar arba'in ta Baba, Allah ya jiƙan shi, muka buɗe akwatinshi na ƙarfe. Ƙarƙashin takardun aiki na tarar da kaset guda, an rubuta da biro a hannunshi: Ella Fitzgerald, Chick Webb. Sai da na aro radiyo mai kaset wurin maƙwabta kafin in ji. Busa ce ta fara tashi kamar ana faretin soja, har na ce ba waƙa ciki, can sai ga muryar yarinya siririya ta shigo, ta yi ɗan abin da za ta yi ta fita, masu busa suka ci gaba da harkarsu. Nan take na tuna kiɗan nan Baba ke sawa da hantsin Lahadi in yana goge takalmi, Inna tana cewa ya rage mata hayaniyar Nasara.

Ɗiyata ta duba a salula ta ce matar ta kusa shekara 60 tana waƙa. Shi ne abin da ya tsaya mini, don ita ɗiyar tawa amshi take yi a bukukuwa, kuma ta kafe ita waƙa za ta riƙe sana'a. Ni kuma mawaƙan da nake gani shekara biyar sun yi tashe an manta da su. Wane irin kiɗa ne wannan, kuma mi ya riƙe mace ɗaya cikinshi tsawon haka?

Tsohon ɗan fanfar, unguwar Zariya:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya gafarta ma Malam. Ya san kiɗa. Babbar ƙungiyar jaz ce ta Amurka kika ji, irin ta shekarun 1930. Mutum 15 zuwa 17 ne: masu saksofon a gaba, masu turombon a tsakiya, masu turompet a baya, gefe guda kuma piyano da jita da babban gurmin nan na tsaye da mai ganguna. Kowa da takardarshi gabanshi. Ni turompet na busa har haƙora suka ce ya isa, na san wuyar mutum goma su ja numfashi lokaci guda.

Kunnenki bai yi miki ƙarya ba. A wancan zamani mai waƙa ɗan rakiya ne. Kujera ake aje ma yarinya gefen dandali, ta zauna da rigarta mai kyau, in lokacinta ya yi ta tashi ta yi baiti guda ta koma. Sunan mai ƙungiya ne a allo. Ella an haife ta 1917, uwarta ta rasu tana ƴar shekara 15, ta sha gararin titi a New York. A 1934 ta ci gasar sabbin shiga a gidan wasa na Apollo cikin Harlem, a 1935 Chick Webb, makaɗin ganguna, ya ɗauke ta suna wasa a zauren rawa na Savoy. Da ya rasu a 1939 aka maida ƙungiyar da sunanta, tana da shekara 22, har 1942.

Daga nan manyan ƙungiyoyi suka fara durƙushewa. Yaƙi ya kwashe samari soja, man fetur da taya sai da ƙa'ida, ga motar mutum 17 da za a ciyar kullum. Ƙungiyar makaɗa kuma ta shiga yajin aikin naɗar faifai daga 1942 zuwa 1944, su mawaƙa ba su cikinta, sai kasuwa ta juya wajensu. Ƴan mata da yawa da ƙungiyarsu ta watse su ma suka watse. Ita ko, zaman kujerar nan ba zaman banza ta yi ba, saurare take. Ta koyi maida muryarta abin busa, ta riƙa jero sauti ba kalma ko ɗaya, tana kora da masu turompet irin su Dizzy Gillespie. Mai irin wannan kunne ko mutum uku aka ba ta za ta ci abinci. A 1956 manajanta Norman Granz ya buɗe kamfanin faifai na Verve, ta shiga naɗar waƙoƙin manyan marubutan Amurka, mutum bayan mutum, har 1964. Lambar yabon waƙa ta Grammy 13 ta ɗauka.

Inna mai tuwo-tuwo, Mokoyo:

Jikana ka rubuta mini. Ni ban san wagga Ella ba, amma mi za a gwada muna? Barmani Coge ta Funtuwa da ƙwaryarta ta tsufa, tana amada har ta rasu 2013. Habsu Garba ɗiyar Maradi ce, ta riƙe ƙungiyar waƙa ta Annashuwa shekara da shekaru, sai 2022 Allah ya ɗauke ta. Mu nan zabiya ita ce uwar tahiya tun hwarko, ba a aje ta bisa kujera. Abin da ka tsaida mace wurinmu ba murya ba ne, miji ne da dangin miji. Ki tambayi ɗiyarki wanda ka zuwa zance wurinta mi ya ce.

Tsohon ɗan fanfar, unguwar Zariya:

Inna kin taɓo wurin. Ita ma aurenta da Ray Brown, makaɗin babban gurmi, daga 1947 zuwa 1953 ya tsaya, kowa na yawon duniya da sana'arshi. Ga wariyar fata: a 1955 a Houston ƴan sanda suka kutsa ɗakin shirinta suka tafi da ita da su Gillespie wai ana caca. Ƙarshe ciwon suga ya ci ƙarfinta. An yi mata aikin zuciya 1986 ta sake hawa dandali, a 1993 aka yanke ƙafafunta biyu, ta rasu 1996 tana da shekara 79.

Ɗan situdiyo, Sabon Gari:

Baba da girmanka, yanzu wa zai biya mutum 17? Piyano ɗaya da kwamfuta sun gama biki, murya ko ta karkace na miƙe ta a minti biyu. Hajiya ki turo ta mu yi mata waƙa ɗaya, farashin gida.

Mai ɗinki, Bagalam:

Na gode ƙanena, amma wadda ka miƙe ma murya, ran da wuta ta ɗauke tsakiyar biki wa zai miƙe mata? Na gani da idona a wani kamu bara, sai tsofaffi ne suka ɗauko ƙwarya suka rufa asiri.

Inna, na tambaye ta, ta sunne kai ta ce shi bai ce komi ba tukuna. Kin san wannan amsa.

Baba mai turompet, in ba takura, ranar Lahadi bayan la'asar zan aiko ta da ƙanenta ka saurare ta ba makirfo, ka faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Sai dai kaset ɗin radiyon maƙwabta ta tauna shi jiya, zaren ya tsinke wajen waƙa ta huɗu. Na naɗe abin da ya fito da biro. Akwai wanda ya san mai liƙa shi cikin kasuwa, ko janfarce zan sa kamar yadda Baba ke yi?