Abin da muka tsinta a zaman majalisarmu ta Tudun Wada

Jiya bayan Isha'i mun kusa kai sha biyu a teburin mai shayi ana ta kai ruwa rana kan matasa da siyasa, to ga ɗan abin da na iya riƙewa.

Kowa ya yarda dokar rage shekarun tsayawa takara da Buhari ya sa wa hannu a 2018 ta taimaka, yanzu ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, shugaban ƙasa kuma 35. Amma wani yayanmu malamin firamare ya ce an buɗe ƙofa ne an ɗaure kare a bakinta, tunda fom ɗin APC na shugaban ƙasa a 2022 miliyan 100 ne, kuma ko na ƙananan kujeru ina mai sayar da katin waya zai samo, ballantana kuɗin daliget? Shawararsa a sa wa jam'iyyu iyaka kan kuɗin fom. Ni dai nan na fi gamsuwa wallahi.

Wasu suka ce a daina hangen Abuja, mazaɓu 255 ne a Kaduna, a fara da kansila, a yanki katin jam'iyya a riƙa zuwa mitin ɗin mazaɓa ko ba a raba komai. Sai batun PVC, wato katin zaɓe, duk wanda ya kai 18 ya yi rajista kuma ya koma ya karɓa, don da yawa yi suke su bar shi a ofishin INEC.

An taɓo 'yan mata ma, wai a daina sa mitin da daddare, iyaye ba za su bari ba. Muna cikin haka aka ɗauke wuta, mai shayi ya fara kife kofuna.