Mai kwaikwayon mara lafiya zai iya ba ɗalibin likita maki daidai?

Ɗan aji shida: Ni fa abin nan na ci min rai. Wai a OSCE, jarabawar nan da ake gwada ɗalibi a aikace, mutumin da aka koya masa ya yi kamar mara lafiya, bai taɓa zama ajin likitanci ba, shi zai ba ni maki? Wlh ban yarda ba.

Anti Nas: Ƙanena ai ba iliminka yake aunawa ba. Takarda ce a hannunsa, ka wanke hannu ko baka wanke ba, ka tambayi yaushe ciwon ya fara ko baka tambaya ba, eh ko a'a kawai. Kuma ba sabon abu bane, tun 1963 wani likita Howard Barrows ya fara amfani da masu kwaikwayon a California, kafin ma wani likitan, Harden, ya fito da OSCE a Dundee ta Scotland a 1975.

Ɗan aji shida: To Anti ai nan matsalar take. A Step 2 CS, irin wannan jarabawar da Amurka ta yi a da, sai ɗalibi ya fita bayan minti 15 sannan mutumin ya cike takardar da ka, kuma ɗalibai na ta shigowa ɗaya bayan ɗaya labari ɗaya yake ta maimaitawa, ya za'ai bazai haɗa tambayar wani da ta wani ba in ya gaji? Ga shi ma sun soke jarabawar a 2021.

Yaya Likita: A'a kar ka haɗa su. Korona ce ta sa aka dakatar da ita a 2020, daga nan basu dawo da ita ba. Maganar mantuwa kam gaskiyarka, shi yasa suke ɗaukar bidiyo ana bin diddigi. Amma mu likitocin bama gajiya ne? Na zauna marking tun safe, wajen la'asar ni kaina nasan idona ba kamar na farko bane.

Anti Nas: Kuma akwai abin da shi kaɗai ya sani. Ko ka katse shi yana magana, ko ka danna cikinsa da ƙarfi baka nemi izini ba. Mai kallo daga gefe bazai ji wannan a jikinsa ba.

Ɗan aji shida: Wannan na yarda. Amma in na sa hannu ina laluben hanta a inda ba nan bane, shi zai rubuta na duba ciki, ya ban makina.

Yaya Likita: Shi yasa ni nake ganin a raba. Mu'amala da yadda kayi bayani a bar masa, gwajin jiki da gano cuta likita ya tsaya a kai.

Ɗan aji shida: To Yaya in makinsa ya ja ni ƙasa, naku kuma ya ce na ci, na wa za'a ɗauka?