Wane suna za mu ba ƙarfen da ke ƙarƙashin jirgin ruwa mai tafiya da iska?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara shirin rediyo da za a saka ranar Juma'a, a kan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda Amurkawa ke ajiyewa a gida su ja da mota zuwa tafki. Misalin da aka kawo shi ne Catalina 22, wanda Frank Butler ya tsara a Kalifoniya, ya fito a 1969. Ƙyallen da ke kama iska na kira shi filafili, sandar da ke riƙe shi kuma jigo. Inda na cije shi ne "swing keel", wato faffaɗan ƙarfe mai nauyin kilo 250 ko kusa da haka, wanda ke rataye a ƙasan jirgin don kada iska ta tura shi gefe ko ta kifar da shi. Idan an sake shi, jirgin na buƙatar zurfin ƙafa 5. Idan an naɗe shi sama, ƙafa 2 ta wadatar.

Tsohon mai fassara: Wa alaikumus salam. Ka ce ƙashin bayan jirgi, ka wuce.

Malamar makaranta: Ranka ya daɗe, ƙashin baya ba ya naɗewa, alhali naɗewar ce ta sa ake iya ɗora jirgin a ja shi kan titi. Ni askar jirgi zan ce, domin yadda askar wanzami ke juyawa a kan ƙusa guda ta koma cikin ƙotarta, haka wannan ƙarfe ke yi. Jamusawa ma takobi suke kiran allon da ake saukarwa ƙarƙashin jirgi.

Ɗalibi: Malama, me zai hana mu ari "keel" ɗin Turanci mu ce kil, tunda mun karɓi anka da injin?

Tsohon mai fassara: Ɗana, wannan kasala ce ta kai mu ga labaran da rabinsu Turanci ne. Kuma ba Jamusawa za su koya mini Hausa ba. Shekaru na yi ina wannan aiki kafin a yaye wasunku. Aska yanka take yi, mai sauraro zai zaci makami ne.

Mutumin Yawuri: Baba, da girmanka, kuna zaune a tudu kuna raɗa wa jirgi suna ba ku tambayi Sarkawa ba. Kwalekwalenmu shimfiɗaɗɗen gindi gare shi, ba shi da wannan ƙarfe, shi ya sa kalmar ba ta zo ba. Amma masunci zai gane aska nan take, domin yanka ruwan take yi. Sannan kada mai tambaya ya kira abin jan jirgin tirela, don kowa babbar motar kaya zai hango, jirgin kuwa faɗinsa bai kai ƙafa 8 ba. Amalanken jirgi ya fi.

Mai tambaya: Na gode. Na ɗauki amalanke. Zan ce askar jirgi, tare da ɗan bayani a farkon ambato.

Tsohon mai fassara: Amalanke na yarda. Askar kuwa, a yi ta don Juma'a ta matso, amma kada kowa ya sa ta a ƙamus da sunana.