Keken burji mai shokozoba, abin da mahaya suka ce

Na tattaro abin da masu hawa suka faɗa kan kekunan burji masu zuwa da shokozoba. Kusan kowa ya yarda akwai daɗi, musamman a hannu. Wanda ya taɓa yin awa huɗu kan gargada har yatsunsa suka mutu ya kasa matsa birki da kyau ya san me ake nufi. Keken Specialized Diverge na da shokozoba mai suna Future Shock a wuyansa, motsinsa milimita 20 ne kacal amma yana shanye karkarwar nan sosai, keken Cannondale Topstone kuma nasa, mai suna Kingpin, a baya yake.

Inda aka fi ja shi ne nauyi da gyara. Ƙafar gaba (mai riƙe tayar gaba) mai shokozoba irin RockShox Rudy mai motsin milimita 30 ko 40 ta haura kilo 1, ta kabon zalla marar shokozoba kuwa wajen rabin kilo ce, to a hawan tudu za ka ji shi a cinya. Ga sabis, kamfanin ya ce duk awa 50 na hawa a buɗe a sake mai, kuma ƙura ba ta raga wa sil, wato robar da ke hana mai zuba, in babu bakaniken da ya iya a kusa da kai wallahi wahala ce. Shi ya sa wasu suka fi son ƙafar gaba ta kamfanin Lauf, nata sifirin ne na zaren gilas, ba mai ba iska.

Shawarar da ni ta fi kwanta min, kafin ka kashe kuɗi fara sa faffaɗar taya mai milimita 45 ka rage mata iska, ka hau hanyar da ka saba bi tukuna.